Yarona yana hadda amma hannunsa ya ƙi rubutu, ku ba ni shawara

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema, abin ya daɗe yana cin raina. Khalifa shekararsa 7 yana aji 2 nan Gusau, wallahi in kun ga littafinsa kamar kaza ta yi tono, layi biyu sai ya share rabin awa a kai, ya danne fensir har takarda ta huje sannan ya ce min hannunsa na ciwo. Maɓallin riga bai iya sawa, mazagin wando bai iya ɗaurewa, in ya ɗauko shayi daga kicin rabi a ƙasa yake ƙarewa, gwiwarsa kuwa ba ta rabo da ciwo saboda faɗuwa. Ƙanwarsa mai shekara 4 ita ke shirya kanta tsaf. Amma abin mamaki a Islamiyya malam zai biya sau biyu ya riƙe, ya kusa izu uku. Jiya ya dawo da shatin rula a bayan hannu wai malamin ajinsu ya ce iskanci ne. Kakarsa ta ce ni na sangarta shi, babansa ya ce a ƙara masa lesin. Ni kam na rasa ta cewa.

Ummu Sudais: Wa alaikumussalam, Allah sarki Khalifa. Allah ya yaye masa

Hajiya Inno: Ke ɗiyata kwantar da hankalinki, ɗiya ba su zama ɗai. Nawa tara, na ukkunsu sai da yay yi shekara biyu ba wata ukku kahin shi taka, ko rarrahe bai yi ba ja da gindi ɗai shikai, mutane sunka dinga hwaɗin maganganu har da masu cewa ɗan ruwa na. Yanzu shi ad direban tirela Gusau zuwa Legas. Ki bar shi, girma na gyara komi.

Kawu Bunguɗu: Ni dai gaskiya ɗaya ce, yaran yanzu waya ta gama da su. Mu a shekara bakwai muna kiwo muna langa muna hawan kuka, wa ya taɓa jin yaro bai iya ɗaure wando ba? Ku karɓe wayar ku tura shi waje, malamin nan ma bai yi laifi ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Khalifa: Kawu wallahi ba ya taɓa waya, ni kaina ƙaramar Nokia ce a hannuna sai dare nake aron ta babansu. Kuma waje yana fita, yaran ne ba sa sa shi a ƙwallo wai yana kashe musu wasa, langa kuwa ko tsayuwa da ƙafa ɗaya bai iya ba balle ya yi tsalle. Sai ya zauna bakin dakali yana kallonsu.

Malama Rabi T/Mafara: Kawu ka yi haƙuri amma ban yarda da kai ba. Shekarata 16 ina koyar da 'yan aji ɗaya da biyu, kuma kusan duk shekara sai na samu irin Khalifa guda ɗaya ko biyu a aji. Ka tambaye shi da baki ya ba ka amsa tun kafin masu kyan rubutun su ɗaga hannu, ka ce ya kwafa daga allo shi ke nan an tashi bai kai rabi ba. Farkon fara aikina ni ma na buga, Allah ya yafe min, ban taɓa ganin wanda bulala ta gyara wa hannu ba sai dai yaron ya fara ɓoye littafi ko ya ce cikinsa na ciwo duk safiya. Maman Khalifa yana miki hakan?

Maman Khalifa: Malama kamar kina gidanmu. Ranar Litinin musamman

Ummu Sudais: Akwai wani haɗin zuma da habbatussauda da nake sayarwa na buɗe ƙwaƙwalwar yara, sati biyu za ki ga canji da yardar Allah, ki min magana ta gefe

Admin: Ummu Sudais mun sha faɗa, talla ranar Asabar ce kawai. Abu Hanan kana kusa? Wannan fanninku ne.

Abu Hanan (fisiyo): Ina nan Admin, yanzu na gama karantawa. Hajiya Maman Khalifa da farko ba zan iya cewa ga abin da ke damun yaro ba ta waya sai an gan shi an gwada shi. Amma yadda kika zayyana ɗin nan ya yi kama sosai da abin da muke kira disfiraksiya, wato matsalar daidaita motsin jiki. Ƙarfi yana nan, hankali yana nan, tsoka lafiyarta lau, inda gizo ke saƙar shi ne tsara motsin a ƙwaƙwalwa, wane yatsa zai fara, da wane ƙarfi, a wane lokaci. Ni da ke in za mu sa maɓalli ba ma tunani hannu ne ke yi da kansa, shi kuwa kullum kamar yau ya fara koya. Shi ya sa yake danne fensir, bai jin iya ƙarfin da ya kamata ya sa, kuma shi ya sa yake gajiya da layi biyu, gajiyar gaske ce ba ƙarya yake ba.

Abu Hanan (fisiyo): Kuma ba abu ne mai wuyar samu ba, ƙiyasin da aka fi yarda da shi yara 5 zuwa 6 cikin 100 'yan makaranta, maza sun fi yawa. Ku lissafa da ajin gwamnati mai yara tamanin. Ba a cika yanke hukunci a kai ba sai yaro ya kai shekara 5 saboda kafin nan bambancin yara yana da faɗi. Sannan sau da yawa ba ya zuwa shi kaɗai, kusan rabinsu suna da matsalar rashin natsuwa wuri ɗaya, wasu kuma da wahalar haɗa baƙi su karanta wadda ake ce wa disileksiya. Haka in ka juya ta ɗaya gefen, yaran da karatu ke ba wahala in ka gwada su a tsalle da cafe ƙwallo da zare allura za ka tarar da yawansu suna baya da sa'o'insu. To don Allah ki duba min, haddar da yake yi da kunne ce ko in kin buɗe masa wani shafi da bai taɓa ji ba yana iya haɗawa?

Maman Khalifa: Yana haɗawa Dakta, har na boko yana karanta rubutun jikin kwalin madara da allon shaguna. Rubutawar ce dai

Abu Hanan (fisiyo): Alhamdulillah wannan labari ne mai daɗi. Ni ba dakta ba ne fa, mai gashin ƙashi ne kawai, wato fisiyo 😄

Hajiya Inno: To ai maganata ta, Malam mai gashi. Nawa ma hakanan anka yi ta surutu kuma ga shi ya tashi

Abu Hanan (fisiyo): Inna kina da gaskiya ta wani gefen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara sama da 800 a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Nowe da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Yara masu lafiya ƙalau wani ya zauna da kansa tun kafin ya cika wata 4 wani sai wata 9, tafiya kuma wani wata 8 wani har kusan wata 18, kuma kamar 4 cikin 100 ba su yi rarrafe ba sam. Masu ja da gindi irin naki an san su da jinkirin tafiya kuma yawanci lafiya suke tashi. Saboda haka matan da ke tayar da hankali don ɗan kishiya ya taka a wata goma nasu bai taka ba su huta. Amma na Khalifa daban ne Inna, shi shekara 7 gare shi, yawancin yara suna tsalle da ƙafa ɗaya tun wajen shekara 4 zuwa 5, kuma irin wannan ba ya tafiya don an girma, da yawa har su manyanta suna tare da shi sai dai su koyi dabarun zama da shi. In an ce a jira girma, kafin girman ya zo yaro ya riga ya yarda shi daƙiƙi ne.

Baban Yusra Anka: Salam. Ni tambaya ɗaya zan yi wa Maman Khalifa kar ta ji haushi, a Gusau aka haife shi ko kun taɓa zama wajenmu? Ko babansa na harkar dutse? Dalilin tambayata mu nan mun ga abin da idonmu. 2010 lokacin da gubar dalma ta ɓarke a Dareta da Abare da 'Yargalma da su Sunke yara sama da 400 suka rasu, saboda ana kawo dutsen zinare cikin gida ana daka ana niƙawa a injin da ake niƙa gari, ƙurar ta bi ƙasa yara na rarrafe suna sa hannu a baki. Bagega ma sai 2013 aka kwashe ƙasarta. Waɗanda suka mutu an ƙirga su, waɗanda suka rayu fa? Akwai ɗan yayata da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi wa magani a nan Anka ya tashi, yanzu saurayi ne amma har yau hannunsa na rawa in zai rubuta sunansa, makaranta kuma aji huɗu ya tsaya. Lokacin nan kowa cewa yake yaron ba ya ja ne.

Maman Khalifa: Innalillahi. A'a Baban Yusra nan Tudun Wada aka haife shi, babansa tela ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu

Sista Hauwa: Amin. Amma tambayar tana kan hanya, kuma ba sai mai haƙar zinare ba. Masu fasa tsohon batirin mota, tsohon fenti, har kwallin dutse da muke rambaɗa wa jarirai ranar suna an sha gwada irinsa a samu dalma ce fal a ciki. Ita dalma ba ta da wani ɗan kaɗan da za a ce ba komai a jikin yaro, kuma tana zama a ƙashi shekaru, mace ta ɗauki ciki ta ba ɗan tayi. Gwajin jini ne kawai ke nunawa.

Hajiya Inno: Kwalli kuma?? Yau na ji ta. Mu da kwalli anka reno mu kuma ga mu garau, ku likkitoci komi sai kun ce cuta na

Sista Hauwa: Inna ban ce ki yar da tandunki ba 😂 na jariri nake magana. Tunda an tabo nan bari na ƙara, ni a ɗakin haihuwa nake kuma yaran da muke gani daga baya wuyansu bai tsaya ba ko jikinsu ya sandare, in ka bi tarihi abu uku ne ke maimaituwa, doguwar naƙuda a gida yaro ya fito bai yi kuka ba, ko shawara ta kama shi satin farko aka tsaya shanya shi a hantsi da jiƙe-jiƙe har ta hau ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau da zazzaɓi mai sa jijjiga. Kafur ɗin nan da ake zubawa cikin kayan jarirai ma yana tayar wa wasu yaran da shawara mai tsanani, a cire shi. Maman Khalifa ya haihuwarsa ta kasance?

Maman Khalifa: Lafiya lau Sista a asibiti, ya yi kuka, bai yi shawara ba. Sai dai an haife shi saura kamar sati biyar, ɗan ƙarami. Ya zauna wata 8 ya yi tafiya wata 16, har keken koyon tafiya muka saya masa

Abu Hanan (fisiyo): Haihuwa kafin lokaci da ƙarancin nauyi suna cikin abubuwan da aka san suna ƙara yiwuwar hakan, ki faɗa wa likita in kin je. Keken nan mai taya kuwa asarar kuɗi ne ba ya sa yaro tafiya da wuri, Kanada ma tun 2004 ta hana sayar da shi saboda yadda yara ke kifawa da shi. Tabarma a tsakar gida ta fi shi.

Maman Nana: Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni tawa Nana irin yaran nan ce masu Dawun sindirom, lalurar da ake haihuwar yaro da ita mai jawo jinkirin girma da koyo, jikinta laushi tun tana jaririya kamar ba ƙashi, sai da ta shekara biyu da rabi ta taka. Abin da ya fi min ciwo ba jinkirin ba ne, sunan da mutane ke kiranta, kowa galahanga, mai shanyewar jiki galahanga, wanda bai magana galahanga, an haɗa su kwando ɗaya alhali ciwon kowa daban maganin kowa daban. Har wata ta ba ni shawara in kai ta bakin gulbi wai ba mutum ba ce, Allah ya isa ban yafe wannan ba. Yanzu shekararta 9 tana cin abinci da kanta tana wanke kwanonta tana gaɗa da yara, komai ta koya sai dai abin da wani zai koya a wata ɗaya ita sai ta yi shida. 'Yar uwa abin da na gane kar ki ce za ki gyara komai lokaci ɗaya, ki ɗauki abu guda. Mu cokali muka fara, wata uku muna kan cokali.

Malama Rabi T/Mafara: Allah ya saka miki Maman Nana, ya raya Nana. Wallahi na yi ƙwalla

Kawu Bunguɗu: To na ji, na janye maganar bulala. Amma maganar wasa ban janye ba

Abu Hanan (fisiyo): Kar ka janye Kawu, a nan muna tare. Langa da 'yar gala-gala da carafke da gara taya duk abin da muke sa yara a sashen gashi ne da kayan Turawa masu tsada. Bambancin kawai yaro irin Khalifa in ka jefa shi cikin sa'o'insa dariya za su yi masa ya koma dakali, sai an fara da shi a gida shi kaɗai inda ba mai ganin faɗuwarsa. Kuma abin da Maman Nana ta faɗa shi ne abin da ya fi aiki, a koya masa ainihin abin da ake so ya iya. In maɓalli ne to maɓalli, a samo babbar riga mai manyan maɓallai a shimfiɗa a gabansa ba a jikinsa ba, ki sa duka ki bar masa na ƙarshe, ki ma tura masa rabi ya ƙarasa ja, in ya iya sai ki bar masa biyu. Babansa tela ne ma abin ya zo gidan sauƙi, ya buɗa masa ramukan maɓallin kayan makaranta kaɗan, wando kuma a sa roba a huta da mazagi tukunna. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi.

Malama Rabi T/Mafara: Na rubutu kuma abin da nake yi a aji, fensir mai kauri ko a naɗe masa ƙyalle ko robar kuɗi wajen kamun, littafi mai manyan layi, kuma ya zauna inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa don yaro na reto a benci ba ya iya sarrafa hannu. A gida ya yi ta rubutu da yatsa a rairayi manya-manya, ya kwaɓa laka ya gina shanu, ki ba shi tsinkar zogale da ɓarar gyaɗa. Sannan ki je makarantar da kanki, kar ki tsaya wajen malamin ki wuce wajen hedimasta da lalama, ki roƙa a rage masa yawan kwafe a dinga tambayarsa da baki. Lesin kuwa in dai ƙarin kwafe ne to ƙarin azaba ne kawai.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai wallahi. Akwai abin da ban faɗa ba don ina jin nauyi. Yana ƙarami da hagu yake ɗaukar komai, kakarsa ta ce ba a bahago a gidansu, muka dinga buge hannun har akwai lokacin da aka sa masa safa a hannun hagun ana ɗaurewa. Ko mu muka jawo masa?

Kawu Bunguɗu: Ai daidai kuka yi, hagu hannun tsarki ne

Malam Na Zawiyya: Kawu a yi hattara. Umarnin da ya zo a hadisi na ci da sha ne da dama, kuma ana son dama a abubuwa masu daraja kamar gaisawa da bayarwa da karɓa. Amma ban san wani nassi da ya haramta wa wanda Allah ya halitta bahago riƙe alƙalami da hagu ba. A koya masa ci da dama, a bar masa rubutunsa.

Kawu Bunguɗu: Allo fa Malam? Ya rubuta Ƙur'ani da hagu?

Malam Na Zawiyya: Wannan sai mu zauna ni da kai, kar mu karkatar da zancen baiwar Allah

Abu Hanan (fisiyo): Hajiya kar ki ɗora wa kanki. Kusan mutum 1 cikin 10 bahago ne, kuma tilasta masa dama na iya ɓata rubutu ya sa hannu saurin gajiya, wannan gaskiya ne. Amma ba zai hana shi tsayuwa da ƙafa ɗaya ba, ba zai sa shi yawan faɗuwa ba, to ina zaton abu biyu ne suka haɗu. Ki ajiye fensir a tsakiyar tabarma kar ki ce komai ki ga hannun da zai miƙa, haka ƙwallo haka buroshin haƙori, kwana uku kina lura. Sannan ki kai shi wajen likitan yara a asibitin tarayya (FMC) ko asibitin Yariman Bakura, a duba idonsa da kunnensa don wani yaron allon ne ba ya gani, a tabbatar ba wata lalurar jijiya ko tsoka ba ce, daga nan su turo shi sashen gashi.

Baban Yusra Anka: A roƙi gwajin dalmar ma in ana yi, ba a sani ba

Maman Khalifa: Salam 'yan gida, na dawo da bayani bayan kwana biyar. Hagu yake miƙawa duk sau ukun, har ya kalle ni yana jiran in buge. Na ce rubuta abinka. Rubutun bai yi kyau ba gaskiya, har yanzu tonon kaza ne kuma a hankali, amma ya cika layi huɗu bai ce hannunsa na ciwo ba. Maɓalli muna kan na ƙarshe, jiya ya sa shi sau biyu da kansa ya ruga ya nuna wa babansa a shago. Hedimasta ya karɓe ni da mutunci ya ce zai yi wa malamin magana. Kakarsa ce dai ba mu gama ba, ta ce in ta gan shi da hagu a gabanta ni da ita ne. Asibiti sun ba mu ranar Laraba.

Hajiya Inno: Ki bar ni da kakar, ki turo min lambarta ta gehe, tsoho shi ka jin maganar tsoho

Amaryar Gummi: Don Allah ku yi haƙuri na shigo a makare, ni ma tambaya gare ni. Nawa wata 11 har yanzu bai zama sai an tokare shi da filo, kuma hannunsa na dama kullum a dunƙule yake da hagu kawai yake kai wa abu, shi ma bahagon ne ko?

Abu Hanan (fisiyo): A'a Amarya, wannan daban ne da na Khalifa. Yaro bai kamata ya zaɓi hannu ɗaya ya bar ɗaya a dunƙule kafin ya shekara ba, kuma zama ya wuce lokacinsa. Kar ki jira ya cika shekara, gobe in Allah ya kai mu ki kai shi wajen likitan yara, ki tafi da katin rigakafinsa, kuma ki tuno ko ya yi shawara ko jijjiga yana jariri don za su tambaye ki.

Amaryar Gummi: Ya yi shawara kwana huɗu da haihuwa. To bari babansa ya shigo in faɗa masa